Gwajin Tayirod Ga Mai Amfani Da Maganin Testosteron: Tambayoyi Da Amsoshi

Namijin da likita ya ɗora a kan testosteron, wato sinadarin maza, ko allura yake karɓa ko man shafawa, ba ya rabuwa da ɗakin gwajin jini. Ana duba kaurin jininsa, ana duba yawan testosteron ɗin, wani lokaci kuma a haɗa da gwajin tayirod, 'yar ƙulluwar nan mai siffar malam-buɗe-littafi da ke gaban wuya, wadda in ta kumbura ake ce wa mutum yana da maƙoƙo. Takarda ta fito, sai ga wata lamba da harafin L a gefenta, alamar ta yi ƙasa da iyaka, nan take hankali ya tashi. Ga tambayoyin da masu irin wannan takarda suka fi yi.

Testosteron yana lalata tayirod ne?

A'a. A ma'aunin da likitoci ke bayarwa, ba ƙulluwar yake taɓawa ba. Ɗan dakon da ke ɗauke da kayanta a cikin jini yake taɓawa.

Tayirod tana fitar da sinadarai biyu, T4 da T3. Da zarar sun shiga jini, kusan dukkansu sai su manne wa wasu furotin da ke yawo da su. Babban ɗan dako a cikinsu shi ne TBG. Hanta ce ke ƙera shi, kuma shi ke ɗauke da kusan kashi 70 cikin 100 na T4, ragowar na kan albumin da wani furotin daban. Abin da ke yawo a sake, ba a kan kowa ba, ɗan mitsitsi ne: kimanin kashi 0.03 cikin 100 na T4, da kashi 0.3 cikin 100 na T3. Amma wannan ɗan mitsitsin shi kaɗai ke shiga ƙwayoyin jiki ya yi aiki. Sauran duk ajiya ce.

Sinadaran maza suna sa hanta ta rage ƙera TBG. Na mata, wato estirojin, akasin haka yake yi, shi ya sa jimillar T4 ke hawa wa mai juna biyu. In 'yan dako suka ragu, kayan da ke kansu ma sun ragu, sai jimillar T4 ta sauka a takarda. Wanda ke a sake kuwa, jiki ne ke daidaita shi, ya mayar da shi inda yake a da. Wannan bayani yana nan a rubuce a takardar da ke naɗe cikin kwalin magungunan testosteron, wadda yawancinmu ke jefarwa ba mu buɗe ba: jimillar T4 na iya sauka, sakakken bai canza ba, kuma babu alamar ciwon tayirod.

Me waɗannan haruffa da ke kan takardar suke nufi?

TSH ba daga tayirod yake fitowa ba. Daga fituwitari yake, wata 'yar ƙulluwa a ƙasan ƙwaƙwalwa wadda girmanta bai wuce kusan santimita 1 ba. Ka ɗauke shi a matsayin muryar maigida. In ma'aikaci ya yi sanyi, sai maigida ya ɗaga murya. In yana zuba aiki fiye da kima, sai maigida ya yi tsit. Don haka a juye ake karanta shi: TSH sama, tayirod ta yi ƙasa, TSH ƙasa, ta yi yawa. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar wajen 0.4 zuwa 4.0 ko 4.5 mIU/L a matsayin daidai. Kunnen fituwitari yana da kaifi ƙwarai, T4 ya ɗan gusa kaɗan sai TSH ya yi tsalle, shi ya sa da shi ake fara bincike.

FT4 shi ne T4 sakakke, kuma daidai ɗinsa wajen 0.8 zuwa 1.8 ng/dL ne. TT4, ko T4 kawai babu F, ita ce jimilla, da na kan ɗan dako da sakakke, wajen 5 zuwa 12 µg/dL. FT3 shi ne T3 sakakke, wajen 2.3 zuwa 4.2 pg/mL. Waɗannan iyakoki suna bambanta daga na'ura zuwa na'ura, saboda haka wanda aka buga a gefen takardarka shi ne naka.

Akwai wani tsohon gwaji da har yanzu yake fitowa a wasu takardu, ana rubuta shi T3RU ko T3U. Sunansa na ruɗa mutane. Ba T3 yake aunawa ba, guraben da suka rage a jikin TBG yake nunawa a kaikaice. In TBG ya ragu, shi sai ya hau. Mai amfani da testosteron ya ga ya hau, ba abin mamaki ba ne.

TT4 ɗina ya yi ƙasa, an sa masa L. In nemi magani?

Ka dubi maƙwabtansa tukuna. A ce takardar ta nuna TT4 4.6 da L a gefe, T3U ya ɗan haura iyaka da H a gefe, TSH 1.8, FT4 1.2. Layi biyu ke nan masu alama, amma labari ɗaya suke bayarwa: TBG ya ragu. Maigida bai ɗaga murya ba, sakakken yana tsakiyar iyaka, to tayirod na aikinta. Wannan mutum ba ya buƙatar komai.

Da a ce TSH ɗin 14 ne, FT4 kuma 0.6, wannan wani zance ne. Ƙarancin tayirod ne na gaskiya, kuma ba testosteron ne ya kawo shi ba. Sau da yawa a irin wannan, garkuwar jiki ce ke cin ƙulluwar, cutar da ake kira Hashimoto.

Ni a ganina, mai amfani da testosteron bai kamata ma ya ɓata jininsa a kan jimillar T4 ba. TSH da FT4 sun wadatar a karon farko.

Ina shan lebotiroksin, maganin ƙarancin tayirod, tun kafin a fara mini testosteron. Akwai abin da zai canza?

Kai ne wanda ya kamata ya sa ido. Mai lafiyayyar tayirod, in TBG ya ragu sakakke ya ɗan ƙaru, fituwitari za ta sassauta, ƙulluwar ta rage gudu, komai ya koma daidai bai ma sani ba. Kai kuwa ƙwaya kake haɗiya, Euthyrox ce ko Synthroid ko wata, kuma ƙwaya ba ta jin muryar maigida. Abin da ta bayar jiya shi za ta bayar yau. Sai ma'aunin da ya yi maka daidai shekara da shekaru ya wayi gari ya ɗan yi maka yawa.

An ga haka ƙarara a wani bincike da Dakta Baha Arafah ya wallafa a mujallar Annals of Internal Medicine a 1994. Mata ne masu sankarar mama da aka ba wani sinadarin maza na haɗiya. Waɗanda tayirod ɗinsu ke lafiya, jimillar T4 ta sauka musu amma sakakken bai tafi ko'ina ba. Waɗanda ke kan lebotiroksin kuwa, sakakken ya hau, TSH ya faɗi, sai da aka rage musu magani. Gaskiya ne irin wancan na haɗiya ya fi allura da man shafawa bugun hanta, don haka ba kowane namiji ne zai buƙaci ragi ba. Amma hanyar ɗaya ce.

Abin yi mai sauƙi ne. Ka auna TSH da FT4 mako 6 zuwa 8 bayan fara testosteron, haka bayan duk wani babban canjin ma'auni. Ba a yi da wuri saboda T4 yana ɗaukar kusan kwana 7 kafin rabinsa ya bar jini, sai an yi makonni kafin lissafi ya zauna. In kuma ka daina testosteron wata rana, TBG zai dawo, buƙatarka na iya komawa sama, sai a sake aunawa. Bugun zuciya da sauri, rawar hannu, gumi da rashin barci bayan fara allura, kada ka yi saurin ɗora su a kan testosteron. Kuma kada ka raba ƙwaya biyu da kanka.

TSH ɗina 5.6, FT4 daidai. Ciwo ne?

Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. TSH yana hawa da sauka a cikin yini, ya fi yawa cikin dare zuwa asuba, ya fi ƙanƙanta da yamma. Yana ɗan hawa na wucin gadi in mutum na murmurewa daga rashin lafiya, yana ɗan hawa da ƙiba, yana kuma hawa da shekaru, ta yadda abin da ya yi wa ɗan shekara 30 yawa zai iya zama daidai ga ɗan 80. Ƙa'ida ita ce a maimaita bayan wata 2 zuwa 3, kuma da yawa sukan tarar ya sauko da kansa.

In ya tsaya a sama, ana duba garkuwar da ake rubutawa TPO. In tana nan, Hashimoto ce ke tafe a hankali, kuma an fi tsammanin abin zai ci gaba. Yawancin likitoci suna fara magani in TSH ya kai 10. Tsakanin 4.5 da 10 kuwa ana duba mutum ne: shekarunsa, alamominsa, zuciyarsa. Wani babban gwaji mai suna TRUST da aka wallafa a 2017 ya bi mutum 737 masu shekara 65 zuwa sama da ke da irin wannan ɗan hawan. Lebotiroksin ya sauko musu da TSH, amma gajiyarsu ba ta fi ta waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki raguwa ba. Lamba ta gyaru, mutum na nan yadda yake.

TSH daidai, amma FT4 ya yi ƙasa. Ta yaya haka za ta faru?

Nan gizo ke saƙar, kuma wannan ce tambayar da na fi so mai karatu ya riƙe.

In FT4 ya faɗi da gaske, ya kamata maigida ya yi ihu. In bai yi ba, ko kuskuren na'ura ne, ko wani magani ne irin na farfaɗiya, ko rashin lafiya mai tsanani, ko kuma maigidan ne da kansa ba shi da lafiya. Fituwitarin da ke aika wa tayirod TSH ita ce dai ke aika wa maraina LH da FSH su yi testosteron da maniyyi, ita ce kuma ke umartar ƙulluwar da ke saman ƙoda ta fitar da kotisol, sinadarin da ke tallafa wa jiki a lokacin wahala. Ƙari a fituwitari, ko tsohon bugu a kai, ko tiyata ko gasa ƙari da haske da aka taɓa yi a ƙwaƙwalwa, na iya kashe waɗannan layuka ɗaya bayan ɗaya, kuma na maraina yana cikin waɗanda ke fara mutuwa. Wato mai yiwuwa dalilin da ya sa aka ɗora ka a kan testosteron tun farko shi ne ya iso ga tayirod yanzu. Wanda ake auna wa TSH kaɗai, wannan zai wuce ta gabansa ba a gani ba.

Ka je ka tono takardunka na kafin fara magani. In a lokacin testosteron ya yi ƙasa kuma LH bai hau ba, daga sama matsalar take. LH na yanzu ba zai faɗa maka komai ba, don duk mai karɓar testosteron LH da FSH ɗinsa a danne suke, kuma hakan ake tsammani. Likita zai so ya ga furolaktin, wani sinadarin da fituwitari ke fitarwa, da kotisol na safe, wataƙila da hoton MRI. Ciwon kai da ya ƙi tafiya, ko ka lura ba ka ganin gefe da gefe, kana karo da bakin ƙofa, ba abin jira ba ne.

Akwai haɗari ɗaya da dole a faɗa. In kotisol ma ya yi ƙasa, aka fara lebotiroksin ba a gyara shi ba, jiki zai ƙara ƙona ɗan abin da ya rage, ƙarfin bugun jini ya faɗi, mutum ya suma. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kotisol ake fara gyarawa, sannan tayirod. Daga nan kuma da FT4 ake bin ma'aunin maganin irin wannan mutum, TSH ɗinsa ya daina zama shaida.

Zai yiwu tayirod ce ta saukar mini da testosteron tun asali?

Ƙwarai kuwa. Testosteron ma yana da nasa ɗan dakon, SHBG, shi ma hanta ke yin sa, kuma tayirod ce ke juya akalarsa. In ta yi sanyi, SHBG ya ragu, jimillar testosteron ta sauka. Ƙarancin tayirod mai tsanani yana kuma iya ɗaga furolaktin, shi kuma ya danne LH. Ga alamomin kusan iri ɗaya: kasala, ƙiba, mutuwar sha'awa, raunin gaba, ƙuncin rai. Akwai mazan da in aka gyara musu tayirod, testosteron ɗinsu ke farfaɗowa ba tare da allura ba.

Shi ya sa ya fi kyau a duba tayirod kafin a fara, tare da auna testosteron sau biyu, da safe, kafin a ci komai, kamar yadda jagorar ƙungiyar Endocrine Society ta 2018 ta tanada. Wanda ya riga ya fara sannan aka gano tayirod ce, sai ya zauna da likitansa a duba ko har yanzu yana buƙatar allurar, musamman in yana neman haihuwa, tunda testosteron na waje yana rage maniyyi.

In tayirod ta yi yawa, kamar a cutar Graves, abin juyewa yake. SHBG ya hau, jimillar testosteron ta yi kyau a takarda ko ma ta wuce iyaka, alhali sakakken bai kai haka ba, wani har nono ya fara fito masa.

TSH ya faɗi, FT4 da FT3 sun hau, amma ni lafiyata ƙalau. Me ke faruwa?

Ka ɗauko duk kwalaben ƙarin lafiya da kake sha ka karanta bayansu. Bayotin kake nema, wanda ake kira bitamin B7. Maza da yawa masu amfani da testosteron suna tsoron sanƙo, sai su kama shan ƙwayoyin gashi, waɗanda ke ɗauke da maikirogiram 5,000 ko 10,000, alhali abin da babba ke buƙata a rana 30 ne kacal. Na'urorin gwaji da dama da bayotin suke kama abin da suke aunawa, in ya yi yawa a jini sai ya rikita su: TSH ya fito ƙasa, T4 da T3 su fito sama, sak hoton Graves a jikin mutumin da ba abin da ke damunsa. A wasu na'urorin har lambar testosteron yana kumburawa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2017. A dakatar da shi aƙalla kwana 2 kafin gwaji, a sake ɗibar jinin.

In ba ka shan bayotin, ko an maimaita abin bai canza ba, to a ɗauke shi da gaske.

Ranar allura ko lokacin shafa mai yana shafar sakamakon tayirod?

A'a, TBG a cikin makonni yake canzawa, ba sa'o'i ba. Lokacin allura lambar testosteron yake shafa. Na tayirod, ka riƙa zuwa da safe a kusan lokaci ɗaya don ka iya kwatanta bana da bara. Mai shan lebotiroksin ya bari sai an ɗebi jini sannan ya haɗiyi ta ranar, saboda FT4 yana ɗan hawa na 'yan sa'o'i bayan shan ta. Kada kuma a yi gwajin ana cikin zazzaɓi ko kwanciyar asibiti sai da dalili.

FT3 ɗina na can ƙasan iyaka. Na ji ana cewa sai ya kai sama ake jin daɗin jiki, a kuma auna rT3.

Mafi yawan T3 da ke jini, wajen kashi 80 cikin 100, ba tayirod ce ke fitar da shi kai tsaye ba. Hanta da ƙoda da sauran sassa ne ke juya T4 ya zama T3 gwargwadon buƙata. In mutum ya matse cin abinci don rage ƙiba, ko yana motsa jiki fiye da abin da yake ci, ko ba shi da lafiya, jiki da kansa yake rage wannan juyi don ya yi tattali, sai T3 ya sauka, rT3, wani nau'in T3 da ba ya aiki, ya hau. Amsa ce jiki ya bayar, ba ciwon ƙulluwa ba ne. Ƙungiyoyin likitocin tayirod ba sa ba da shawarar auna rT3 don gano ƙarancin tayirod, FT3 ma ya fi amfani wajen binciken yawanta. Maganar cewa dole kowace lamba ta zauna a saman iyaka, masu sayar da gwaji da ƙwayoyi ta fi yi wa amfani.

Wasu masu ɗaga ƙarfe suna haɗa ƙwayar T3 don ƙona kitse. Ya takardarsu take fitowa?

TSH a danne, FT4 ƙasa, T3 sama ko daidai, ya danganta da lokacin da aka sha ta ƙarshe. In ga manyan allurai na gina jiki a kai, jimillar T4 ta ƙara nutsewa. Likitan da ba a faɗa wa gaskiya ba zai iya bin sawun fituwitari har ɗakin hoto a banza. T3 ba ya zaɓen kitse, har tsoka yake ci, kuma daɗewa da TSH a danne yana jawo rikicewar bugun zuciya da zaizayar ƙashi.

Lambobin tayirod duk daidai, testosteron ma daidai, amma gajiyar na nan. Ina zan duba?

Ka fara da barci. In ana ce maka kana minshari har numfashinka na ɗaukewa, wannan kaɗai ya isa ya hana ka kuzari, kuma testosteron na iya ƙara shi. Sai kaurin jini, wanda ake rubutawa PCV ko HCT: testosteron yana ɗaga shi, in ya wuce kashi 54 ana dakatar da magani har ya sauko. Akwai kuma tarkon da ba a cika lura da shi ba. Wanda ake yawan ɗibar wa jini don a sauko da kaurin, ajiyar sinadarin ƙarfe a jikinsa tana ƙarewa, sai ya gudu bai tsira ba: PCV ya yi kyau, feritin, ma'aunin wannan ajiya, ya faɗi, kasala ta dawo. In an ba shi ƙwayar ƙarfe kuma yana shan lebotiroksin, sai ya raba su da sa'a 4, haka ma kalsiyam, don suna hana ta shiga jini. Bayan waɗannan akwai ciwon suga, da damuwa, da magungunan da mutum ke sha na wasu larurori.

Na yi gwaji a wurare biyu, ɗaya ya ce FT4 1.2, ɗaya ya ce 15.4. Wanne ne gaskiya?

Duka biyun. Na farko da ng/dL ya rubuta, na biyu da pmol/L. Ka ninka 1.2 sau 12.87, za ka samu 15.4. Masu amfani da pmol/L iyakarsu kan kama daga wajen 10 ko 12 zuwa 22. Ko ma'aunin ɗaya ne, na'urorin kamfanoni daban-daban ba sa ba da FT4 iri ɗaya daga jini ɗaya, don haka in kana bin canji daga wata zuwa wata, ka tsaya a ɗakin gwaji guda. A bayan kowace takarda ka rubuta ranar, da lokacin da aka ɗebi jinin, da ma'aunin testosteron da kake kai a makon, da ranar da ka sha bayotin na ƙarshe.